Cukun Baba Buzu: Tarihin Ajiyar Madara Daga Abzin Zuwa Faransa

Kafin in shiga tarihin da nake son kawo muku, bari in fara da ba ku labarin wata wauta da na tafka, domin ita ce ta sa ni binciken wannan al'amari tun daga tushe.

A shekarar 1984, lokacin da fari ya halaka dabbobin makiyaya a ƙasar Nijar, wani dattijon Buzu ya sauka a ƙofar gidanmu a Kano. Ba shi da komai sai rawani da takobi da wata 'yar butar shayi shuɗiya. Mahaifinmu ya ɗauke shi gadi, mu kuma yara muka raɗa masa suna Baba Buzu. Sai da na girma na gane cewa wannan mutum da muke gani a kan tabarma a bakin ƙofa ya taɓa mallakar garken raƙuma da awaki, fari ne ya mayar da shi mai gadin gidan wani. Duk sa'ad da wani nasa ya zo daga gida, akan kawo masa wani abu fari-fari mai faɗi kamar tafin hannu, jikinsa da zane-zanen tabarma, ga tauri kamar katako. Idan ya dafa shayinsa da la'asar sai ya ɓalli kaɗan ya miƙo mini ya ce, "Yaro, karɓi cuku. Kada ka tauna da gaggawa, bari shayi ya jiƙa shi tukuna."

Baba Buzu ya koma ƙasarsu bayan shekaru, can Allah Ya yi masa rasuwa. Ana nan kwatsam wata damina sai ga ɗansa ya yi sallama da ni, ya ce kafin tsohon ya cika ya yi wasiyya cewa duk ranar da ya shiga Kano ya nemi yaron nan mai son cuku. Ya kwance wani ƙyalle ya ba ni guda goma sha biyu, waɗanda mahaifiyarsa ta yi da hannunta. Ni kuwa saboda tsabar ganin girman kyautar, sai na naɗe su a leda, na ƙulle tam, na sa a firij, na yi tafiyata ta mako uku. A bayana aka yi ta kawo wuta ana ɗaukewa, ledar ta yi gumi. Ko da na dawo na buɗe, sai na tarar fumfuna ta rufe su kore shar. Abin da ya ratso hamada a ƙyalle lafiya lau, ni na kashe shi da na'urar zamani. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

To, mai karatu, tun daga ranar nake tambaya da karance-karance a kan cuku, kuma abin da na gano shi ne: kowane irin cuku a duniya dabara ce da mutanen wani wuri suka yi don kada madararsu ta lalace, gwargwadon zafi ko sanyin ƙasarsu. Wanda ya san inda cuku ya fito, ya san yadda ake ajiye shi da abin da ake cin sa da shi.

Mafarin al'amarin

Madara arziki ce mai gajeren kwana. Da damina ta yi yawa har a rasa yadda za a yi da ita, da rani a neme ta a rasa, ga shi kuma a wuni ɗaya take juyawa. Mu Hausawa da Fulani mun tsaya a kan kindirmo da nono da man shanu. Wasu al'ummu sun ƙara taku ɗaya: suka gano cewa akwai wani sinadari a cikin tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba, wanda idan aka sa kaɗan a madara sai ta daskare, ruwa ya ware gefe, farin gudaji ya ware gefe. Wannan gudajin, idan aka tsane shi, shi ne cuku. Kusan lita 10 ta madara ke ba da kilo ɗaya, ka ga ke nan an mayar da kayan jaki ya koma na aljihu.

Dabarar ta tsufa ƙwarai. A yankin Kuyabiya na ƙasar Folan an tono wasu kasake masu huji-huji kamar gwagwa, waɗanda suka kai shekara 7,000 da wani abu, kuma a 2012 masana suka bayyana cewa sun sami ragowar kitsen madara a jikinsu, wato da su ake tace cuku. A Masar, a kabarin wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Ptahmes da ke Sakkara, an sami cuku a cikin tulu wanda ya kai shekara 3,200, aka ba da labarinsa a 2018, har da alamar ƙwayar cutar nan da ke sa dabbobi ɓari a jikinsa. A hamadar yammacin Sin kuma an sami gawarwakin da aka binne shekara wajen 3,600 da suka wuce da gutsattsarin cuku a wuyansu. Ko a tarihin Musulunci ma ya fito, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa a Tabuka an kawo wa Manzon Allah (SAW) cuku, ya sa aka kawo wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka.

Daskarar da madara rabin aiki ne, sauran rabin shi ne hana gudajin ruɓewa. A nan ne hanyoyi suka rabu. Wasu suka dogara da rana, wasu da wuta, wasu da gishiri, wasu kuma da sanyin kogon dutse.

Masu rana: cukun Abzin

Buzaye da Fulanin arewacin Nijar, daga duwatsun Abzin zuwa Abalak da Tawa, ba su da abin da ya fi rana da busasshiyar iska, don haka da su suka yi aiki. Mace za ta sa tumbin a sabuwar madarar saniya ko ta akuya, in ta daskare sai ta zuba a kan 'yar tabarmar tsinken ciyawa, ta baza shi siriri, ta danne ruwan ya tsiyaye, sannan ta shanya a bisa rumfa ko kan ƙaya inda iska ke kaɗawa. Zanen da nake gani a jikin cukun Baba Buzu sawun wannan tabarma ne. Sirantar ita ce asirin, domin cuku mai kauri cikinsa zai ruɓe kafin bayansa ya bushe. Abin mamaki kuma, duk da yawan raƙumansu, ba da madarar taguwa aka saba yin sa ba, saboda ba ta daskarewa da sauƙi kamar ta saniya da akuya. Sai a zamanin nan, bayan da aka buɗe kamfanin madara na Tiviski a Nuwakshot ta Muritaniya a 1989, aka fara sayar da cukun madarar raƙumi na masana'anta.

Busasshen cuku yakan yi watanni, kuma shi ne guzurin ayarin gishiri. Idan kaka ta yi, wajen watan Oktoba, ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kilomita wajen 600, inda ake kwanaki ba a ga rijiya ba, ba a kuma tsayawa girki da rana. Abincin tafiyar shi ne wanda suke kira egajira: a daka gero da cuku da dabino wuri ɗaya, in za a sha sai a dama da ruwa, kamar dai furarmu. Dubi hikimar haɗin. Gero ya riƙe ciki, dabino ya ba da ƙarfi nan take, cuku ya tsaya a madadin nono da nama, kuma babu ɗaya a cikinsu da zafi ke lalatawa. Daga Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro Damagaram da Kano su sayar su sayi gero. Ta wannan hanya ce cuku ya shigo kasuwanninmu, har matan Hausa suka koyi daka shi a cikin fura da kunu.

Cinsa ma da ƙa'ida. Ɗanye ko mai ɗan laushi, akan kanga shi a garwashi ya yi ƙamshi. Wanda ya bushe ƙayau kuwa, ko a daka shi ko a ɓalla a ci da shayi. Shayin Buzaye kofi uku ne, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma ɗacin nan na farko shi ke wanke maiƙon cuku daga harshe. Ajiyarsa kuwa ƙyalle ne ko kwando ko jakar fata, a rataye a inuwa inda iska ke shiga. Abokin gabarsa ɗaya ne, laima. Ni kuwa laimar na ƙulle shi da ita.

Masu wuta da masu gishiri

Idan ka gangara kudu, wajen Borgu da Ilori da arewacin Binin, iska tana da laima, shanya ba ta yiwuwa. Matan Fulanin can sai suka ɓullo da tasu hanyar. Maimakon tumbi, tumfafiya suke amfani da ita, wannan dai da muke rainawa a bakin bola. A ɗora madara a wuta, a dandaƙa ganye ko karan tumfafiya a tace ruwan a ciki, a ci gaba da dafawa har ta tsinke, a kwashe a zuba a ƙananan kwanduna. Yarabawa na kiran sa wara, a Binin da Togo da Gana kuma wagashi. Galibi ana ganin daga wannan suna ne awararmu ta waken suya ta samo nata, tun da yadda ake yin su da kamanninsu duk ɗaya ne.

Wara ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a cikin ruwanta. Mai son ta daɗe sai ta riƙa tafasa ta kullum a ruwan gishiri, a Binin har da karan dafi ake sawa, shi ya sa za ka ga wagashin Faraku bayansa ja cikinsa fari. Da yake an riga an dafa shi, ba ya narkewa a mai, don haka soya shi ake yi a ci da yaji ko a jefa a miya ya sha romo kamar nama. A zangunan Gana, irin su Nima a Ankara, soyayyen wagashi na cikin abin da ake ɗora wa shinkafa da wake, wadda suke kira wace.

Mutanen bakin kogin Nilu kuwa gishiri suka riƙa. Na fara cin farin cukun Sudan, wanda suke kira jibna baida, a wani gidan abincin 'yan Sudan a Jidda, na gutsura shi kaɗai sai da na runtse ido don gishiri. Mai abincin ya yi dariya ya ce, "Ya Hajji, ba haka ake ci ba." Ya marmasa shi a kan dafaffen wakensu na ful, ya zuba man riɗi da tumatir da albasa, sai ga abu ya daidaita, domin waken lami ne, cukun shi ne gishirinsa. Garin Duwaim da ke bakin Farin Nilu ya yi suna da shi. Tun madarar tana ruwa ake zuba mata gishiri mai yawa, in an yanka cukun kuma a jera shi a gwangwani a rufe shi da ruwan da ya tsatso daga jikinsa, ya yi watanni ba firij. Danginsa ne cukun Dumyaɗ na Masar da feta ta Girka, kuma a ƙasashen nan biyu da bazara da kankana ake cin su. Dokar irin wannan cuku ita ce kada ya rabu da ruwansa. Wanda ya tsiyaye ruwan don tsafta, ya yi irin wautata ta wata fuskar.

Masu kogon dutse

Turawa Allah Ya ba su sanyi, shi ya sa suka iya barin cuku ya tsufa a hankali har ɗanɗanonsa ya sauya. A kudancin Faransa akwai wani ƙauye, Rokfor, a gindin dutsen Kombalu. Dutsen ya taɓa zaftarewa tun zamanin da, ya bar ramuka da tsagogi waɗanda iska mai laima ke bi, sanyin ciki bai cika wuce awo 8 zuwa 10 ba rani da damina. A nan ake ajiye cukun madarar tumaki, kuma da gangan ake sa masa wata irin fumfuna shuɗiya, wadda a da a jikin burodi ake renon ta. Har huda cukun ake yi da allurai don iska ta shiga fumfunar ta yaɗu, kuma sai ya yi aƙalla wata uku kafin a sayar. Na yi dariya da na karanta wannan: abin da ya sa ni zubar da kyautar Baba Buzu, shi wasu ke saye da tsada. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi, tasu fumfunar zaɓaɓɓiya ce, tawa ta leda ce, ba a cin ta. A 1411 Sarki Sharl na shida ya ba mutanen ƙauyen ikon su kaɗai za su riƙa nunar da wannan cuku, a 1925 kuma ya zama cukun Faransa na farko da doka ta kare sunansa.

A arewacin Italiya, wajen Farma da Rejiyo, sun bi hanyar da ta fi kusa da ta Buzaye, wato tauri da bushewa, amma a girma. Cukun Farmesan guda ɗaya yana cin madara lita wajen 550, nauyinsa ya kai kilo 40. A jiƙa shi a ruwan gishiri kusan mako uku, a jera a kan katako ana gogewa ana juyawa, bayan wata 12 sai gwani ya zo da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, kamar mai sayen tukunya, ya gane ko akwai rami a ciki. Saboda daɗewarsa ya zama dukiya. Lokacin babbar gobarar Landan ta 1666, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Pepys ya haƙa rami a lambu ya binne nasa don kada wuta ta cinye. Tun 1953 wani banki na yankin, Credem, yake karɓar wannan cuku a matsayin jingina ya ba da bashi. Da girgizar ƙasa ta auka wa yankin a watan Mayun 2012, dubun dubatar cukun suka zubo daga kan katakai, aka yi asara mai yawa.

Akwai kuma masu laushi irin Kamambar na Normandi, wanda ake jingina ƙirƙirarsa ga wata mata, Marie Harel, a 1791. Shi kam makonni kawai yake yi, kuma dannawa kaɗan ke lotsa shi. Da a ƙauye zai ƙare, ba don jirgin ƙasa da wani ɗan zagayayyen akwatin katako da aka ƙera masa wajen 1890 ba, wanda ke kare shi kuma ya bar shi yana shan iska.

Daga wannan yawan iri ne Faransawa suka tsara ladubban gabatar da cuku. Bayan babban abinci ake kawo shi, kafin kayan zaƙi. Akan fito da shi daga sanyi kamar sa'a guda kafin a ci, domin sanyi yana ɓoye ƙamshi. A jera iri uku ko biyar a kan faranti, a fara da mai sauƙin ɗanɗano a ƙare da mai ƙarfi irin na Rokfor, don in ka fara da shi sauran duk lami za ka ji su. Kowane da wuƙarsa. Yanka kuma daga tsakiya zuwa baki ake yi, kowa ya sami ɓawo ya sami ciki, wanda ya yanke tsinin ya bar wa na baya ɓawo, a wurinsu kamar wanda ya tsince naman miya ne. Su da giyar inabi suke haɗawa, wannan ba hanyarmu ba ce, amma sauran abokan cin duk muna da su: burodi, zuma, ɓaure, inabi, gyaɗa, har dabino.

Sai a ƙarni na 20 masana'antu suka yi cukun da ba ruwansa da ƙasa ko yanayi. A 1916 wani ɗan kasuwa a Amurka, James Kraft, ya yi rajistar hanyar narka cuku a dafa shi ya daɗe bai lalace ba, a 1921 kuma aka fito da mai hoton saniya tana dariya a Faransa. Shi yaranmu suka sani a yau, suna shafawa a burodi. Na tambayi ƙaramin ɗana mene ne cuku, sai ya ce wai ko ina nufin cuku-cuku.

Abin da na koya

In an tattara, darasin gajere ne. Busasshe yana son iska da inuwa. Na ruwan gishiri yana son ruwansa. Ɗanye irin wara yana son wuta da cin gaggawa. Na Turawa yana son sanyi, amma a naɗe shi a takarda, a sa a ƙasan firij inda ake ajiye ganye, kada a shaƙe shi da leda. Wajen haɗi kuma, mai gishiri da mai zaƙi ko mai lami, mai maiƙo da mai ɗaci ko mai tsami. Buzun da ya haɗa cuku da dabino da Bafaranshen da ya ɗiga wa na Rokfor zuma, ba su taɓa haɗuwa ba, amma harshe ɗaya ya koya musu.

Abin da ke damuna shi ne, Rokfor da Farma sun mayar da dabarar kakanninsu arziki da doka da suna, mu kuwa da damina madara na lalacewa a rugage saboda nisan kasuwa, a birni kuma ta gari muke saye daga waje. Alhali matan da suka san yadda ake mayar da madarar damina guzurin rani suna nan da ransu, da 'yar tabarmarsu da tumfafiyarsu.

Na kira ɗan Baba Buzu na faɗa masa gaskiyar abin da na yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ba komai. Amma ba zan gaya wa tsohuwa ba." Da kaka ta zagayo sai ga wani ƙyallen ya iso, guda shida a ciki. Na rataye su a kwando a zaure. Duk la'asar ɗin Juma'a nakan dafa shayi, in ɓalla wa yarana kaɗan-kaɗan, in ce musu kada su tauna da gaggawa. Allah Ya jiƙan Baba Buzu, Ya sa ya huta.